Bangon da Ya Ƙi Bushewa

Ni dai a sana'ata ta gyaran bututun hayaƙi, babu abin da na tsana kamar gidan da mai shi ya riga ni hawa rufi. Gidan Verna Pelkey irinsa ne. Tsohuwa ce, daga ita sai ƙanenta Orrin, can bayan gari a jihar Maine, ga sanyi ya shigo da ƙarfinsa.

"Lyle, bangon ɗakin sama ne ya ƙi bushewa," in ji ta, tana dafe da goshi. "Mun shafa wa rufin kwalta har mun gaji. Ga ciwon kai ya sa ni gaba, ko kofi ba ya yi min komai."

"Yaushe rabon da a yi ruwa, Misis Pelkey?"

"Kai ma dai! Ruwa a wannan sanyin? Je ka tambayi bangon."

Amsar nan ba ta yi min daɗi ba. Bangon da ke jiƙewa babu ruwan sama, daga ciki ruwansa ke fitowa.

Na kafa tsani na hau. Jan bulon bututun ya jiƙe sharkaf, simintin tsakaninsa yana marmashewa a yatsa kamar busasshen burodi. Bututun baki biyu gare shi: ɗaya na murhun falo da aka daina hurawa, ɗaya na injin gas mai ɗumama gidan. Orrin, sarkin dabara, ya so ya toshe na murhun don kada ruwa ya shiga. Ya ɗora faifan dutse ya liƙe da siminti tsaf, aiki mai kyau wallahi. Sai dai a bakin injin ya ɗora shi.

Tururin gas ya rasa mafita, shi ne yake tsattsafowa ta bango. Inda tururin ya bi kuwa, nan iskar guba marar wari take bi. Ban san yadda na sauko ba.

"Fito waje! Bar ƙofar a buɗe!"

"A wannan sanyin? Ka haukace ne?"

"Ina Orrin?"

"Yi a hankali mana, kada ka tashe shi. Ɗakin saman ya koma, wai ya fi ɗumi. Tun safe yake sharar barci, malalacin banza, ko abincin rana bai sauko ya ci ba."

Na janyo ta baranda, na cika ƙirjina da iska, na nufi matakala da gudu. A bayana ina jin ta tana ƙwala masa kira cikin faɗa. Kafin in kai ƙofar ɗakin, faɗan ya fita daga muryarta.