Zan Zo In Karɓa Da Kaina

Ni na zaɓi shafin intanet ɗin, kuma kwana tara na yi ina zaɓen. Na fara da faɗar haka ne don kada wani ya ce Auta ta yi gaggawa kamar yadda ta saba. Ban yi gaggawa ba, kuma hakan bai hana komai ba.

Yayata tela ce, kayan yara take ɗinkawa. Shekara biyu da suka wuce kotu ta raba ta da mijinta, ta kuma bar mata 'yarsu, wadda muke kira Ɗigo saboda ƙanƙantarta ranar da aka haife ta. Wata huɗu bayan hukuncin, ya je makarantar yarinyar da tsakar rana, ya ce wa malamarta uwar ce ba lafiya, ya tafi da ita. Kwana goma sha tara muka yi muna nema. Da 'yan sanda suka dawo mana da ita, an aske mata kai, takalminta ɗaya babu. Shi kuwa kwana biyu ya yi a tsare, ya fito yana yi wa masu gadi godiya. Mutum ne mai ladabi, kuma ladabin nan shi ne abin tsoronsa. Ba ya ɗaga murya. In ya gaishe ki, sai ki ji kunyar abin da kika sani a kansa.

Sai muka tashi muka bar garin. Muka kama ɗaki biyu a hawa na uku na wani dogon gini, ɗaya na kwana, ɗaya na keken ɗinki. Ni na sami aiki a shagon buga takardu da fotokwafi. Tun daga lokacin ba ma kiran sunansa a gidan, sai dai mu ce mutumin.

Matsalar ita ce tela ba ta ci sai an san da ita, Yaya kuwa ba ta son a san da ita. Ba za ta kafa allo a ƙofa ba, ba za ta kama shago a bakin titi ba. Riguna suka taru a kan igiya har suka tare hasken taga. Ni da shegen bakina na ce, "Yaya, ai yanzu ba a buƙatar ƙofa. Mu buɗe shago a intanet."

Ta cire allurar da ke bakinta. "Sharaɗina ɗaya ne, Auta. Kada adireshi ya fito. Kada fuskata, kada ta Ɗigo. Ko tagar ɗakin nan ban yarda ta shiga hoto ba."

"Ki bar min wannan," na ce.

Kamfanoni uku na ware daga cikin masu gina wa mutum shago a intanet. Ba na riƙe sunayensu, da launi nake kiransu: kore, shuɗi, da ruwan lemo. Duk lokacin da ogana mai shago ya fita cin abincin rana sai in hau kwamfutarsa. Koren ya fi kyau, amma yana manna taswira a ƙasan kowane shafi, da ɗan jan ɗigo a kan rufin gidanka. Na rufe shi ban ko waiwaya ba. Shuɗin ya yi min rantsuwa cewa ba ya nuna adireshi, ni kuma ba na yarda da rantsuwar kwamfuta. Na sa maɓallin riga ɗaya a kasuwa, na saya daga hannun kaina, sai ga rasit ya zo da adireshin mai sayarwa ɓaro-ɓaro a sama. Na ce Allah ya tona asirinka.

Mai ruwan lemon ne ya tsallake duk tarkon da na ɗana masa. Na saya, na mayar, na soke, na nemi rasit, na duba ta waya, na duba ta kwamfuta, ban ga ko sunan unguwa ba. Har kiran ofishinsu na yi, wata mata mai muryar barci ta tabbatar min babu adireshin da zai fita sai wanda muka rubuta da hannunmu. Na tsara cewa ni zan riƙa kai kaya ofishin masu aika saƙo da safe, sunansu ne kawai zai hau kwali. Ranar da na gama, na shigo gida ina taƙama kamar wadda ta gina bene.

Muka rataya farin zanen gado a jikin ƙofa, muka riƙa ɗaukar hoton riguna ɗaya bayan ɗaya. Akwai wani abu da Yaya ke yi wa kowace riga: ɗan ɓoyayyen aljihu ta ciki, wanda take dajewa da jan zare, don yaro ya ajiye alewarsa. Shekara tara tana wannan ɗinki a gaban mutumin. Ya kamata in tuna da haka. Maimakon in tuna, sai na ɗauki hoton aljihun daga kusa, na rubuta a ƙarƙashinsa cewa ba za a sami irinsa a ko'ina ba.

Oda ta fara shigowa tun a makon farko. Duk sanda waya ta yi ƙara, Ɗigo, wadda bakinta ba ya hutawa, sai ta ruga tana cewa, "Anti, an saya! Wace ce? Mai fure ce?" Yaya ta koma rera waƙa a kan keke. Rabon da in ji wannan tun muna 'yan mata, kuma ba zan ɓoye ba, na yi farin ciki har na shiga bayi na share hawaye.

Shafin yana da abin da ake kira kwando, inda mai saye ke zuba kaya kafin ya biya. Yana kuma nuna mana kwandunan da aka cika aka tafi aka bari. Ni da son gulma, kullum sai na leƙa. Yawanci mata ne da suka zuba riga goma, suka ga kuɗin suka gudu, in yi ta dariya ni kaɗai.

Akwai kwando ɗaya da bai ba ni dariya ba. Babu suna a kansa, babu lambar waya. Riga ɗaya ce tak a ciki, rawaya, awon 'yar shekara takwas. Washegari na tarar an cire ta, an sa ta 'yar bakwai. Bayan kwana biyu aka koma takwas, aka sake dawowa bakwai. Uwa ba ta yin haka, uwa ta san awon 'yarta. Wannan ya yi kama da wanda ke auna yarinya a zuci, yarinyar da ya daɗe bai gani ba. Ranar Asabar kwandon ya tsaya a kan awon 'yar shida, bai sake motsi ba. Ɗigo shekararta bakwai da rabi, amma rigar 'yar shida take sawa.

Na ɗauki wayar na nufi ɗakin ɗinki, na tarar Yaya tana yanka yadi tana waƙa, sai na juya. Na ce wa kaina yara 'yan shida sun cika duniya. Na ce ko da shi ne, me zai gani ban da farin zanen gado? Na sake bin shafin kaf, babu adireshi. Ban gaya mata ba.

A hawa na biyu akwai maƙwabciyarmu, Maman 'Yan Biyu, mace mai faɗin zuciya da faɗin murya. Ita ke ɗauko Ɗigo daga makaranta tare da nata yaran, ta riƙe ta har Yaya ta sarara da ɗinki. Ba ta san komai game da mu ba. Da ta tambayi ina uban yarinya, Yaya ta ce mata yana aiki a nesa, don ba labari ba ne da ake so a riƙa maimaitawa a kan matakala.

Abin da ya faru ranar Litinin ban san shi ba sai daga baya. Maman 'Yan Biyu ta hau sama ta ce ita ma sai ta saya ta waya kamar 'yan zamani, ba za a bar ta a baya ba. Da ta zo biya, shafin ya ɗora mata kuɗin kai kaya. Ta bushe da dariya ta ce, "Matakala goma sha biyar ɗin?" Yaya ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Matar da ke ciyar mata da 'ya kullum, a caje ta kuɗin mota? Yaya ta laluba cikin shafin har ta gano wani zaɓi da ni ban taɓa kunnawa ba, wanda ke ba mai saye damar zuwa ya karɓi kayansa. Aka tambaye ta a ina za a karɓa. Yaya ba ta iya rabin aiki ba. Ta rubuta titi, ta rubuta lambar gini, hawa na uku, ƙofa ta biyu daga dama. Ta duba fuskar shagon kamar yadda na koya mata, ba ta ga adireshin ya fito ba, hankalinta ya kwanta. Ta yi niyyar kashewa in maƙwabciya ta gama, sai oda uku suka shigo a jere.

Ranar Talata oga yana shago tun safe, wayata tana cikin durowa. Sai ƙarfe ɗaya da minti ashirin na samu na duba. Kwandon nan ya zama oda. Rawayar riga, awon 'yar shida, an biya. A gurbin hanyar kai kaya an rubuta: zan zo in karɓa da kaina. Na karanta sau biyu ban gane ba, don a sanina babu wannan a shagonmu. A ƙasa, da ƙananan haruffa, shafin ya sanar da ni cewa an aika wa mai saye wurin karɓa tun ƙarfe tara da minti hamsin da biyu.

Daga tsohon garinmu zuwa nan tafiyar awa uku ce a mota.

Na kira Yaya. In keke na gudu ba ta jin waya, na sani, amma na kira sau bakwai. Na bar takardun wani dattijo a cikin injin fotokwafi, oga yana kirana ban juya ba. Bas ɗin da na shiga ya tsaya a kowace tasha, kwandasta yana ta ciniki da mai buhu. A tasha ta ƙarshe na sauka na ƙarasa da gudu, takalmi a hannu.

Babu baƙuwar mota a ƙofar ginin. Daga ƙasa ina jin ƙarar keken Yaya, daidai kamar kullum. Ƙofar hawa na biyu a buɗe take, Maman 'Yan Biyu ta tare ni da fara'a.

"Albishirinki. Ashe haka kuke, ku ɓoye min? Mijin yayarki ya dawo daga tafiya."

Na riƙe ƙarfen matakala. "Ina Ɗigo?"

"Tana ciki mana. A bakin ƙofar makaranta ma ya same mu, ya ce ya bi unguwa yana tambaya. Har jakar yarana ya ɗaukar min. Mutumin kirki, wallahi. Ya ce ba ya so ya faɗo wa matarsa tana tsakiyar aiki, sai ya shirya tukuna. Ni ya roƙa na hau na karɓo masa rigar, na ce wa yayarki ta wata ƙawata ce. Bai daɗe da tafiya ba."

"Kika bar shi da ita?"

"Minti biyar ɗin? Ba ubanta ba ne?" Ta dubi fuskata, fara'arta ta fara raguwa. "Auta, lafiya?"

Na wuce ta. Ɗigo tana zaune a bakin kujera, sanye da rawayar rigar, kayan makarantarta a ninke tsaf a gefenta. 'Yan biyun suna ta tsalle a kan tabarma, ita hannayenta suna kan gwiwa. Rigar ta yi mata cif. Na ɗauke ta cak, duk da ta wuce ɗauka, na hau da ita.

Yaya ba ta ji shigowarmu ba sai da na tsaya a gabanta. Ta ɗaga ƙafa daga keken. Ta dubi rigar, ta dube ni, ta sake duban rigar. Ta riga ta gane. Ta sauko ta durƙusa a gaban yarinyar, tana shafa kanta, kafaɗunta, hannuwanta, kamar mai ƙirga ko an rage wani abu.

"Ya taɓa ki?"

Ɗigo ta girgiza kai.

"Me ya ce miki?"

Yarinyar ta faɗe shi a hankali, kalma bayan kalma, yadda ake faɗar abin da aka sa mutum ya maimaita har ya zauna.

"Ya ce in gaishe ki. Ya ce ɗinkinki ya ƙara kyau. Ya ce kada ki wahalar da kanki da sake tashi, don yara ba sa son yawan canjin makaranta."

Yaya ta zauna a ƙasa, cikin guntayen yadi. Can ta ɗago ta dube ni, ba da fushi ba, da ma fushin ta yi da ya fi min sauƙi.

"Auta, ina za mu je?"

Duk rayuwata ban taɓa rasa amsar da zan ba Yaya ba, ko da ta ƙarya ce. Na je na rufe ƙofa, na murza makulli sau biyu, na dawo na zauna kusa da su.