Minti Ukun da Aka Yanke

Ƙarfe biyu na rana, ana yayyafi a birnin Aarhus, Aksel yana ɗaura fim a tsohon majigin sinimar unguwa. Shi kaɗai ya rage da ya iya injin, shi ya sa ƙungiyar masu kallon tsofaffin finafinai ta roƙe shi.

Matarsa Gudrun ta fito a fim ɗin tun kafin ya san ta. A lokacin, hukumar tace finafinai ta sa almakashi ta cire minti uku, inda take wanka tsirara a tafki da wani ɗan wasa, Torkild. Bana aka tsinci guntun a gwangwani, aka mayar da shi. Shekara hamsin Aksel yana gode wa hukumar nan a ransa.

Da safe ya ce mata ƙafarsa na ciwo, a fasa. Ta ce ba da ƙafa ake haska fim ba.

Ta 'yar tagar ɗakin inji ya hango Torkild ya shigo da sanda, ya zauna kusa da Gudrun, har da miƙa mata alewa. Kafin a kashe fitila Torkild ya ɗago kai.

"Aksel, kar ka rufe ido, yau za ka koyi iyo."

"Ka dai riƙe haƙoranka kar su faɗo," in ji Aksel.

Masu majigi na da suna da wata dabara. In an zo wurin da mai sinima ba ya so, sai a kare gilashin majigin da kwali, a ce inji ne. Aksel ya yago kwalin kofi ya riƙe.

Tafkin ya bayyana. Ya ɗaga kwalin, sai ya lura Gudrun ta manta da Torkild. Ta matso bakin kujera, ta cire tabarau ta goge ta mayar, tana ƙanƙance ido. Tun bara ganinta ke raguwa. Yarinyar da ke kan allo take nema, wato ita kanta a ƙuruciya, wadda ita ma ba ta taɓa gani ba.

Ya ajiye kwalin. Ya murɗa gilashin a hankali har ɗigon ruwan kafaɗarta ya fito tar. Shi kuwa bango ya kalla har minti ukun suka wuce.

A hanyar gida ya riƙe mata lema. Ta ce Torkild ya tsufa ƙwarai, kuma sauti ya yi ƙasa, nan gaba ya riƙa ƙarawa.

"To," in ji shi.