Inda Man Giyar Yari Yake Tafiya

Shekarar da ta biyo bayan samun mulkin kai, aka turo masu yin lambar rigakafin ciwon agana daga Tambuwal zuwa ƙasar Kebbe, Yari ne direbansu. Malaman asibitin sun sauka a gidan hakimi. Shi kuwa ya wuce da jif ɗinsa gidan Na'iya, aminin marigayi ubansa. Tun Yari yana yaro Na'iya bai taɓa kiransa da wani suna ba sai "ɗiyana", wato ɗana. A ƙofar gidan akwai fili mai turke inda ake ɗaure dokin baƙo. Nan Na'iya ya nuna masa ya ajiye motar.

Kullum da hantsi su fita ƙauyuka, da la'asar sakaliya su dawo cikin laka. Ana haka sai giyar motar ta soma gardama. A hanyar Fakku ya nemi ta biyu, ta yi gurnani ta ƙi shiga sai da ya haɗa da ƙarfi. Da suka tsaya ya shiga ƙarƙashi, ya kwance notin zuba mai, ya zura yatsa. Busasshe. Ya ɗauko galan ɗin man giya ya cika, ya ce wa ransa mantuwa ce.

Bayan 'yan kwanaki gurnanin ya dawo, yatsa ya sake fitowa a bushe.

To, Yari yana da karatu ɗaya da ya riƙe daga Maccido, bakaniken da ya koya masa mota a Tambuwal: in mota tana yoyo, ka duba ƙasan da ta kwana a kai. Ya kuwa riƙe karatun nan tamkar shi kaɗai aka taɓa yi a duniya. Kowace safiya bayan ya sha kunu zai durƙusa ya leƙa. Rairayi fari fes, ko ɗigo babu. Ƙarƙashin motar kuwa laka ta lulluɓe shi, ba a ganin komai. Ya shinshina ƙasa. Ya ja motar baya, ya tsaya yana kallon wurin, hannu a ƙugu. Mai ba ya zuba, mai kuma ba ya nan. Ya ƙone ne? Man giya ba ya ƙonewa. Har ya fara zargin yatsansa, ya gwada da tsinke, tsinken ma ya goyi bayan yatsa.

Galan ya kusa ƙarewa, kansa ya ɗaure tam. Sai ya tuna a kasuwa wani mai jakai ya roƙe shi baƙin mai don shafa wa gyambon jaki. Daga nan zuciya ta yi masa mummunan lissafi. Bai tsaya tambayar kansa wane ne a unguwar yake da sufanar kwance noti ba.

Da yamma ana zaune a zaure da maƙwabta, tuwo a gaba, Na'iya ya ce, "Ɗiyana, mi ad damuwa? Ba ka ci ba."

"Baba, mai aka ɗiba cikin motag ga," in ji Yari. "Ba yoyo takai ba, na duba. Kuma nan ɗai taka kwana."

Hannuwa suka tsaya a cikin akushi. Na'iya ya dube shi, ya dubi maƙwabta, ya suɗe yatsunsa a hankali.

"Nan ɗai taka kwana," ya maimaita. "To, mun jiya."

Washegari daga sallar asuba Yari bai koma ɗaki ba, ya zagayo wajen mota don ya kama ɓarawo. Sai ga ƙafafu biyu sun leƙo daga ƙarƙashinta, da ƙarar tsintsiya. Marka ce, yayar Na'iya, tsohuwar da ke riƙe da tsabtar gidan. Ta fito da baya, riƙe da kasko cike da ƙasa baƙa mai maiƙo. A gefe ga ƙwarya cike da sabon rairayi.

"Gwaggo, mi kika yi nan?"

"Abin da nika yi kullum. Dabbab baƙo ba ta wayan gari cikin ƙazanta a gidan ga, tun zamanin ubanmu." Ta miƙa masa kaskon. "Ita dai taka ba ta da lafiya. Abin da taka zubarwa ƙaruwa shikai. Na so in gaya maka, sai na ga bai kamata in kunyata baƙo ba."

Yari ya tsoma yatsa a kaskon, ya kai hanci. Man giya ne, da warinsa. Kunya ta rufe shi.

Ya roƙi ruwa da tsumma, ya kankare lakar, ya goge ƙarƙashin motar tas, ya kwanta yana kallo. Can sai ɗigo ya taru a notin zubar da mai na ƙasa, ya faɗo. Wani dutse ne ya daki notin, zoben da ke toshe bakinsa ya tsage. Ya tare sauran man a kwano, ya yanko fata mai kauri daga tsohon linzami da Marka ta ba shi, ya huda ta daidai, ya ɗaure notin, ya mayar da mai. Ya tayar da injin, ya zagaya unguwa, ya dawo ya leƙa. Ƙarfen a bushe.

Ya wanke hannu ya nufi zaure, ya durƙusa a gaban Na'iya, ya faɗi komai, ya nemi gafara.

"Ba komi," in ji Na'iya, fuskarsa a sake. "Madalla da mota ta samu lafiya. Jiya bayan ka tashi na yi ma maƙwabcinmu Ɗangiwa magana. Gidanai na da dangar kwano da ƙofa mai kwaɗo, can za ka fi samun natsuwa da kayan gwamnati. An riga an kai tabarmarka, Malam Direba."