Sunan Yaya Zulai a Rukunin Baƙi

Abdulƙadir mai gyaran ordinatar ne, wato kwamfuta, a Magarya, kuma ya cika gidansa da na'urori. Fitilun sola, famfon da ke tura ruwa sama cikin tanki, kyamarar ƙofa, duk wata 'yar ordinatar da ke ɗakinsa ce take juya su. Sai dai kowace na'ura da kod ɗinta, wato lambar sirri, kullum matarsa Ruma'isa cikin mantuwa take. Don haka ya haɗe su wuri ɗaya: mutum ya sa sunansa da kod sau ɗaya a waya, komai ya buɗe masa.

Tsarin ya nemi a raba mutane rukuni-rukuni. Ya yi na masu gida, wanda ke taɓa komai, ya yi na baƙi, mai fitila da ruwa kawai. Yayarsa Zulai, wadda ta riƙe shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, ta dawo wurinsa daga Bande tun da mijinta ya rasu. Ya ga ruwa da fitila kaɗai take buƙata, ya jefa sunanta cikin baƙi, bai ko tsaya tunani ba.

Bayan la'asar ya sami Zulai da Ruma'isa a tsakar gida suna gyaran wake, ya ce su gwada. Zulai ta goge hannu a zane, ta sa kod ɗinta, famfo ya tashi, amma ta daɗe tana kallon wayar.

"Abdu, baƙuwa aka rubuta ƙarƙashin sunana, ko idona ne?"

Ya fara bayani, wai suna ne kawai na tsari. Da ya ji maganar a kunnensa sai ya katse ta. Ruma'isa ta sunkuyar da kai kan faifai.

"Ba komai," in ji Zulai. "Ai ruwan ya zo."

Ya shiga ɗaki, ya mayar da sunanta cikin masu gida. Gyaran bai ɗauki lokaci ba, fitowar ce ta yi masa wuya. Da ya fito, ya durƙusa gefen tabarmarta.

"Yaya, na yi kuskure. Ki yafe mini."

Ta ci gaba da tsince wake, can ta tura masa faifan.

"Taya ni, magariba ta kusa."

Ya zauna yana tsinta, bai iya ɗaga ido ba har aka kira salla.