Shafen Bahago

Wani dare Baba Magini ya ji ƙara a bayan ɗakinsa: sharr, sharr, a tsaya, a sake. Abu ɗaya ya sani mai irin wannan ƙara, cokalin shafe a jikin ɗanyen bango. Da gari ya waye, ashe akuyar maƙwabcinsa Tela ce take susa a jikin kwano. Amma aikin gama ya gama, ubansa ya faɗo masa a rai.

Shekara da shekaru yana gaya wa 'yan unguwa cewa da hannun ubansa aka gina tsohon gidan gwamnati na babban birni. Shi kansa bai taɓa shiga ba. Yana ɗan shekara tara uban ya rasu, labarin ma a bakin tsohuwarsa ya ji. Tela kuwa kullum sai ya tsokane shi: "In gaskiya ne, kawo shaida. Ni ma kakana ne ya ɗinka wa giwa wando."

Ranar da ake buɗe gidan ga baƙi, 'yarsa Auta, mai aikin jinya a birnin, ta kai shi.

Ginshiƙai goma sha biyu ya ƙirga a gaba, mutum biyu ba sa rungume ɗaya. A ciki ga matakala ta rabu biyu kamar ƙahon sa, ga ƙubba a sama da tagogi zagaye da ita, haske yana zubowa a kan daɓen dutse mai santsi. Jama'a suna kallon fitilu, shi yana mamakin wata taga da aka yi ta babu abin da take kallo sai bango.

Mai zagayawa da baƙi ya tsaya gaban wani allon tagulla.

"Karanta min, Auta, kada ki tsallake ko ɗaya."

Ta karanta. Shugaban da ya buɗe gidan, wanda ya zana shi, ɗan kwangila. Suna uku.

Baba Magini ya dubi mai zagayawar. "Yaro, ina na magina?"

"Baba, ai sun fi mutum ɗari huɗu. Ina allon da zai ɗauke su?"

Aka yi dariya. Baba Magini ya ce a nuna masa inda zai kama ruwa, aka nuna masa wani lungu a bayan matakala, inda ake jingine tsintsiya da bokiti. Lungun da duhu, ya dafa bango yana tafiya. Sai ya tsaya cak.

Nan ba a goge shafen ba, an bar shi yadda cokali ya bi. Mai hannun dama yana jan cokalinsa ta gefe guda, bahago ta ɗaya gefen, kowane magini ya san wannan. Wannan bango kuwa bahago ne ya shafe shi, kuma a ƙarshen kowane ja akwai ɗan lanƙwasa kamar wutsiyar ƙadangare. Haka bangon ɗakin tsohuwarsa yake, shafen ubansa bahago, wanda ya yi ta shafawa da tafin hannu yana yaro har damina ta cinye shi.

Auta ta biyo shi. "Baba, an ce ba a taɓa bango."

"Kawo hannunki." Ya ɗora tafinta a kai. "Kakanki ke nan."

"Baba, bahago ɗaya ne a duniya?"

"Ba ɗaya ba ne," ya ce a hankali. Amma bai ɗauke hannunsa ba sai da mai gadi ya yi gyaran murya. Auta ta ɗaga waya ta ɗauki hoton wurin.

Da yamma suka tarar da Tela a bakin shagonsa, tsofaffin unguwa suna zaune a benci.

"Maraba da magajin gidan gwamnati! An ba ka ɗakinka?"

Baba Magini ya zauna a bencin. Auta ta miƙa wayar. Tela ya gyara tabarau, ya kusantar da ita, ya nisantar, ya juya ta a kaikaice. Bango ne fari fat, da kan tsintsiya a gefe. Ya buɗe baki zai yi dariya, sai ya ga yadda tsohon yake shafa tafin hannunsa a gwiwa. Ya sassauta murya.

"To, ni wanne zan duba a nan?"