Da Za A Ɗan Saki, Baba

Kai a ƙasa, ƙafa a sama, haka Tsohon Direba ya tsinci kansa, bel ya ɗaure shi tamau a kujerar wani ɗan ƙaramin jirgin sama. Ƙofa ta lotse ta ƙi buɗuwa. Ƙafarsa ta hagu ta maƙale, ga warin fetur sai ƙaruwa yake.

Shekara talatin yana jan tirela bai taɓa buge ko akuya ba, sai da furfura ta cika kai ya ce shi jirgi zai koya. Kuma duk malaman makarantar ya rasa wanda zai zaɓa sai mijin 'yarsa.

Nan gizo ke saƙar. Dokar aikin ita ce, in sauka ta ɓaci, malami ya daka tsawa, "Saki, na karɓa!" ɗalibi ya ɗauke hannu nan take. To, yau da tayoyi suka daki titi jirgin ya yi tsalle ya karkace, sai Direba ya damƙe sitiyari yana murɗawa kamar yana kan babbar hanya. Surukin kuwa, wanda ko haɗa ido da shi ba ya iyawa, ya tsaya gyaran murya: "Baba, da za a ɗan saki..." Kafin ya kai ƙarshen ladabin sun kai ƙarshen titin, sun kife cikin rami.

"Baba, sannu. An ji ciwo?" in ji surukin, yana reto a gefensa, jini na bin goshinsa. "Na kashe wuta. Kada a taɓa komai."

"Da me zan taɓa? Hannunka na kan haƙarƙarina."

Tsoro ya kama Direba sosai, irin wanda bai taɓa ji ba. Yana jin ɗigar fetur a kan ƙarfe, yana ƙirgawa.

Can sai ga 'yan kwana-kwana. Suna fama da ƙofar, shugaban makarantar ya durƙusa ya leƙo ta fasasshen gilashi.

"Ranka ya daɗe, malaminka ya ba da umarnin saki?"

Direba ya san abin da tambayar ke nufi. Malamin da ya kasa karɓar jirgi daga ɗalibi, lasisinsa ya tafi ke nan. Shekara shida yaron nan ya yi yana nemansa, kuma ba shi da wata sana'a. Ya dubi surukin, ya ga har ya buɗe baki zai yanka kansa da gaskiya.

"Sau uku ya daka mini tsawa," in ji Direba. "Har 'kai' ya ce mini. Taurin kaina ne, na ƙi saki."

"Baba, ai ban..."

"Rufe mini baki, mara kunya! Bai ishe ka ba wanda ka yi a sama?"