Bishiya ta Goma Sha Bakwai

Tun kafin bas ɗin 'yan yawon buɗe ido ya fita daga cunkoson birni, Baba ya tambayi lokaci sau huɗu. Yana zaune a gefen taga, ya dafe aljihun rigarsa, ƙafarsa ɗaya sai rawa take yi kamar ta tela a kan keke.

"Baba, don Allah ka kwantar da hankalinka," in ji 'yarsa. "Fadar nan shekara ɗari uku tana wurin, ba yau za ta tashi ba."

Ita ma'aikaciyar jinya ce, ta saba ta faɗa a bi, kuma da ƙyar ta samu hutun wannan yini guda. Tun ranar da likita ya ce hawan jinin ido ya ci ƙarfin ganin Baba, ɗan abin da ya rage ma tafiya yake yi, ta ƙudura sai ta kai shi ya ga cikin tsohuwar fadar sarakuna. Shekara talatin da huɗu ya yi yana aiki a lambun fadar, ta ƙofar baya yake shiga, ta nan yake fita, ko sau ɗaya bai taɓa leƙa ɗakunan ba. Abin ya daɗe yana yi mata ciwo. Shi kuwa, tsakani da Allah, ko a jikinsa.

Abin da ya hana shi sukuni daban ne. Makon jiya Dogo, tsohon abokin aikinsa, ya buga masa waya ya ce sababbin masu kula da lambu sun zaro tsohuwar taswira, za su mayar da komai yadda yake a zamanin sarakuna. Duk bishiyar da ta kauce wa layi an shafa mata jan fenti, ranar Litinin masu zarto za su zo. Baba kuwa ya san wata da ta kauce, a doguwar hanyar bayan tafki, ta goma sha bakwai a hannun hagu. Da hannunsa ya dasa ta. So yake ya san ko an shafa mata, ya kuma gan ta tun da sauran ido. Amma ya kasa gaya wa 'yar, domin ta riga ta gama tsara masa ranar, tana ta murna kamar ita za a naɗa sarauta.

Mai jagorar tafiyar wata mata ce mai 'yar tuta rawaya da murya kamar ƙararrawa. Ta sanar cewa fadoji biyu za a gani, ƙarama da babba, kuma ƙarfe huɗu daidai bas zai juya gida, wanda ya makara ya san inda dare ya yi masa. A ƙaramar fada aka ɓata awa biyu cur ana kallon kwanukan tangaran. Kwanuka, jama'a! Wani mai ƙaton tumbi sai da ya ɗauki hoton kowane faranti, sa'an nan ya ɓace a wurin sayar da tsaraba, aka zauna jiransa. Baba ya hau bas ya sauka, ya sake hawa, kamar ya ƙwace sitiyarin.

A babbar fada aka ba kowa wasu jakunkunan ƙyalle ya sa a kan takalminsa don kada a kankare daɓen katako. Nan fa aka shiga jan ƙafa daga ɗaki zuwa ɗaki. Ga kujeru masu ruwan zinariya da ba a zama, ga gado mai rumfa da ba a kwanciya, ga madubai tun daga ƙasa har rufi. Ganin Baba ya zama kamar na mai leƙe ta cikin bututu, sai abin da ya saita kawai yake gani, don haka duk wannan ƙawa gutsi-gutsi take zo masa: ƙafar kujera nan, hancin wani sarki a jikin zane can.

"Baba, dubi rufin nan! Ka gani kuwa?"

"Na gani, Uwata. Ya yi kyau. Ƙarfe nawa?"

Duk ɗakin da aka shiga, shi taga yake nema. A ɗakin cin abinci na sarki ya hango hasken wata doguwar taga, ya nufe ta kai tsaye, bai ga jar igiyar da aka gitta ba. Ƙarafunan da ke riƙe da ita suka zube, ƙarar ta cika ɗakin. Mai tuta ta zaro ido ta ce dattijo a yi hattara, nan ba kasuwa ba ce. 'Yar ta tsugunna tana tayar da ƙarafuna tana ba da haƙuri, kunya kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Sai huɗu saura minti ashirin da biyar aka sake su, aka ce kowa ya ɗan sha iska a lambu kusa da ƙofa. Baba ko jakunkunan ƙafa bai tsaya cirewa ba. Ya sauka matakala ya yanki hanya, kuma a nan ba ya bukatar ido, ƙafafunsa sun san kowace kwana. 'Yar ta biyo shi da sassarfa, jaka na dukan ƙugunta.

"Baba, ina za ka? Bas zai tafi ya bar mu! Ni fa gobe da asuba ina da aiki. Na kawo ka ka ga abin da aka hana ka gani shekara da shekaru, ko kallon kirki ba ka yi masa ba. Wallahi na ji haushi."

"Yi haƙuri, Uwata. Taho dai."

Suka zaga tafki, suka iso bakin doguwar hanyar. Bishiyoyi ne manya a jere dama da hagu, rassansu sun haɗe a sama. Baba ya tsaya a gindin ta farko, ya manna kuncinsa a jikinta, ya rufe ido ɗaya yadda ya yi sau dubu a rayuwarsa. Bai ga komai ba sai hazo kore. Ya murza idon ya sake gwadawa. Bai san abin ya kai haka ba.

"Zo ki ara mini idonki," ya ce. "Sa kuncinki nan. Rufe ido ɗaya, ki bi jikinsu da kallo har ƙarshe. In layi ya miƙe, bishiya ɗaya za ki gani, sauran duk sun ɓuya a bayanta."

Ta yi tsaki ƙasa-ƙasa, ta duba agogo, amma ta yi yadda ya ce.

"Duk sun ɓuya. Sai guda ɗaya can, ta ɗan leƙo waje."

"Ita ce. Mu je."

Suna tafe yana taɓa kowacce yana ƙirgawa, yana ba ta labari cikin haki. Da igiya da turaku ake dasa irin wannan layi. In ka sa dashe a rami ba ka mayar da ƙasa, sai babban mai lambu ya tsaya a bakin layi ya saita, ya ɗaga maka hannu. Sunansa ma Ido Ɗaya suke ce masa, don kullum ɗayan a rufe yake.

"Ina riƙe da ta goma sha bakwai a rami, ina jiran hannunsa, sai ga Dogo a guje, wai a zo, mahaifiyarki ta sauka. Ban san lokacin da na tura ƙasa da ƙafa na taka ba. Ko fartanya ban ɗauka ba, na zura da gudu. Da na dawo bayan kwana uku, Ido Ɗaya ya ce taƙi guda ta kauce, a tumɓuke ta. Na roƙe shi, na ce ranar da aka haifa mini 'ya na dasa ta. Ya zage ni tas, sa'an nan ya ce shi daga yau in ya zo layin nan, ɗayan idon zai riƙa rufewa."

'Yar ta daina duba agogo.

"Sha shida," in ji Baba. "Sha bakwai."

Ya rungume bishiyar, hannuwansa ba su ko kusa haɗuwa ba. Ya ɗaga kai, ya samu ɗan guntun reshe da ganye a cikin bututun ganinsa, ya tsaya a kansa ya daɗe.

"Uwata, duba mini. Akwai jan fenti a jikinta?"

Akwai. Ƙaton gicciye ne, daidai kafaɗarta, a gefen da ke kallon hanya. Ta matsa ta jingina bayanta a kansa.

"Babu, Baba. Ba komai a jikinta."

Ya yi ɗan murmushi. Mutumin da ya shekara talatin da huɗu yana shaƙar lambun nan, shi za a ɓoye wa warin sabon fenti?

"Tun kina ƙarama ba ki iya ƙarya ba. Matsa, kada ki ɓata rigarki."

Can nesa bas ya danna oda, ya sake dannawa. Ba wanda ya motsa a cikinsu. Baba ya sa hannu a aljihun da ya yini yana dafewa, ya fito da 'yar wuƙarsa ta aiki, wadda ƙotarta ta sha hannu har ta yi sulɓi. Dokar lambun ce ko ganye ba a fita da shi, kuma duk zamansa bai taɓa karya ta ba, har saɓani ya sha yi da baƙi a kanta. Ya lalubo wani reshe mai kaurin yatsa, ya shafa idanun reshen, inda toho ke fitowa, da babban yatsa ya ƙirga huɗu, ya yanke shi a karkace, yanka ɗaya.

"Jiƙa hankicinki ki naɗe gindin. Irinta tana kamawa in an dasa. Yau ɗin nan za ki sa shi a ƙasa, kada ya kwana."

Ta zuba ruwan gorarta a hankici, hawaye na zuba ba ta share ba. Suka ji bas ya tayar, ƙararsa ta yi nisa.

"A ina zan dasa shi, Baba? Ni ban iya saita layi ba."

"Duk inda kika tsaya," ya ce. Ya miƙa mata hannu. "Riƙe ni mu tafi. Akwai ƙofar baya, na san hanya."